Ɗan Tambarin Git Mai Kai Faci Hannun Mai Shi

Jama'a, ku bar ni in yaba wani ɗan abu da ke cikin Git, manhajar da masu gina manhaja ke adana tarihin aikinsu da ita, don wallahi ya ci a ba shi tukwici. Sunansa --subject-prefix. Aikinsa bai wuce sauya kalmomin da ke gaban taken imel ba idan za ka aika gyaran manhaja, amma kai, hikimar da ke ciki ba dama!

Tun da Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git a watan Afrilun 2005, ya miƙa wa Junio Hamano ragamarsa a watan Yulin shekarar, masu gina Linux ta imel suke karɓar gyara, kuma har gobe haka ne. Ka gama gyaranka, ka buga git format-patch, sai ya mayar maka da shi wasiƙa, ya liƙa kalmar PATCH a gaban take cikin baka mai kusurwa. Idan gyaran, wato facin, uku ne ya jera su 1/3, 2/3, 3/3. Daga nan git send-email ya kwashe su ya tafi.

To amma wa zai karanta? Nan ake yin ta. Wanda ya taɓa tsayawa bakin ruwa a Yelwa ranar kasuwa ya san buhunan albasa duk kamarsu ɗaya a cikin jirgi, alamar da mai kaya ya shafa a jikin buhu ita ke hana rigima wajen saukewa. Haka akwatin masu kula da Linux yake: saƙonni tuli kullum, kowa na neman nasa. Masu kula da sashen sadarwa, alal misali, rassa biyu gare su. Gyaran kuskure reshen net yake shiga, sabon abu kuma net-next. Sai ka rubuta --subject-prefix="PATCH net-next", shi ke nan, tun kafin a buɗe wasiƙarka an san inda ta dosa. Mutanen sashen BPF na da bpf-next nasu, masu manhajar iproute2 su ma da nasu tambarin, alhali sau da yawa akwati ɗaya saƙonnin ke faɗawa. Har na'urorin da ke gwada faci kafin mutum ya duba, wannan tambarin suke karantawa su san reshen da za su ɗora shi.

Abin da ya fi kashe ni da daɗi shi ne ladabin da ke ciki. Kana da tunani amma ba ka tabbata ya nuna ba? Ƙara --rfc, take ya koma RFC PATCH, wato kana cewa manya, ga shi ku duba ku ba ni shawara, kada ku haɗa shi tukuna. Aka yi maka gyara ka dawo, sai -v2, ya rubuta PATCH v2, har sunan fayil ɗin ya sauya don kada sabo ya hau kan tsoho. Ba wanda zai ɓata lokaci yana sharhi kan sigar da ka riga ka watsar. Madalla da wanda ya yi wannan tunani!

Sannan ga tsafta. Idan mai kula ya karɓa ya shigar da facin da git am, duk abin da ke cikin bakan nan sai ya zube, taken gyaran kaɗai ke shiga tarihin manhaja. Ko ka kai v7 kana fama, jikoki ba za su gani ba.

Ragwaye irina ma an tuna da mu. Ka shiga ma'ajiyar aikin ka buga git config format.subjectPrefix da tambarin da kake so sau ɗaya, ya zauna a wannan ma'ajiyar kaɗai, sauran ayyukanka babu ruwansu.

Mu da ke wannan gaɓa ta tafkin Kainji, daga Yauri zuwa Ngaski da Shanga, muna da ƙarin dalilin son wannan hanya. Shirya faci ba ya buƙatar intanet ko kaɗan. Ka rubuta, ka sa tambari, ka buɗe fayil ɗin ka karanta taken da idonka, duk sabis na ɗauke. Da layi biyu sun leƙo a waya sai ka tura, 'yan kilobait ne, ba shafi mai nauyi da zai cinye maka data yana juyawa.

Ƙorafina ɗaya ne, shi ma ƙarami. Tambarin da ka ba shi ba ƙari yake yi kan PATCH ba, maye gurbinsa yake yi ɗungurungum. Ka rubuta net-next kawai, to net-next kawai zai fito, kuma mai tace imel da kalmar PATCH ba zai ga saƙonka ba. Don haka ɗan'uwa, facin farko ka aika wa kanka tukuna, ka ga yadda taken ya sauka a akwatinka, sannan ka tura wa manya.