Shaihu Umar: Abin da Wani Hedimasta Ya Ɗauki Ilmi

A shekarar 1933 Ofishin Fassara na Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ya sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Cikin waɗanda suka ci har da wani saurayi, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba, yana koyarwa a Midil ta Bauchi. Daga baya ya zama hedimastan makarantar, a 1945 aka tura shi Landan ƙaro ilmin koyarwa, a 1957 kuwa ya zama Firayim Minista. Littafinsa, Shaihu Umar, yawancin mutane labarin bauta da ƙetare Sahara suka ɗauke shi. Gaskiya ne, amma fa malamin makaranta ne ya rubuta shi, kuma wanda ya duba da kyau zai ga ra'ayinsa game da koyarwa tun daga shafin farko.

Labarin ya fara ne a Rauta, kusa da Bauchi, inda almajirai suka tambayi shaihinsu asalinsa. Bai tsawata musu ba, bai ce tambayar ta wuce matsayinsu ba. Sai ya zauna ya ba su tarihinsa duka, har da zamansa bawa, abin da wani babban malamin zai so ya ɓoye. Watau a wurin mawallafin, almajiri yana da ikon tambaya, malami kuwa ba da baki kaɗai yake koyarwa ba, har da rayuwarsa.

Sa'an nan ga maganar auna ɗalibi. A Midil ta wancan zamani da alkalami da maki ake aunawa. Wanda ya ci jarrabawa ya wuce kwaleji, wanda ya faɗi ya nemi abin yi. Amma cikin littafin ba inda aka ba Umar maki. Abdulkarim, Balaraben da ya tafi da shi Ber Kufa ya riƙe shi kamar ɗansa, da Shaihu Mas'ud da ya karantar da shi, natsuwarsa da ladabinsa da haƙurinsa suka duba. Sakamakon karatun kuwa bai bayyana ba sai bayan shekaru, ran da masifa ta auko, aka ga yadda ya ɗauke ta. Wannan ma'auni yana da nauyi, musamman ga wanda ya karɓi takardar shaidar yaƙi da jahilci yana tsammani aiki ya ƙare.

Duk da haka littafin yana da rauni, kuma a daidai wurin da ake sa ran malami zai fi ƙarfi. Ba a nuna yadda Umar ya koya ba. Shekarun karatunsa an wuce su da 'yan layuka, kamar mai sauri ya iske ayari. Bai taɓa kasa hadda ba, bai taɓa gajiya da allo ba, bai yi ƙiriniya ko sau ɗaya ba. Malamin da ke fama da yaro mai nauyin kai, ko magidancin da ya fara riƙe fensir yana da furfura, ba zai sami kansa a cikin Umar ba. Yaron da aka haifa da hali cikakke, me malami ya ƙara masa?

Abin mamaki, wadda ta fi kowa rai cikin labarin ita ce uwarsa, wadda ba a ce ta zauna gaban wani shaihi ba. Ta bar gida neman ɗanta, aka yaudare ta, aka sayar da ita, ta sha wuya har Tarabulus, inda suka sadu, ba da jimawa ba ta rasu. A shafukanta ne alkalamin mawallafin ya fi sakewa, domin ita ya bari ta yi kuskure.