Horst Buchholz, Bajamushen da ya zama ɗan manomi

Sau huɗu na kalli The Magnificent Seven cikin mako guda, kuma wallahi ban ƙoshi ba. Ƙanena ne ya zo mini da shi a katin memori daga Katsina. Muka zauna a shagon mai caji nan Babban Duhu bayan la'asar, mu shida a kan waya ɗaya. Da Turanci aka yi shi, rabinmu ba sa ji, amma babu wanda ya nemi tafinta. Me za a fassara? Ƙauyen manoma ne a Meziko. Kaka na yi sai wani ɗan fashi mai suna Calvera ya dira da mahayansa, ya kwashe hatsi, ya bar musu ɗan abin da za su rayu su sake noma masa. Wanda ya tashi a gefen dajin Rugu, tsakanin Safana da Batsari, ya san wannan labari tun kafin a kunna waya.

John Sturges ne ya ba da umarnin fim ɗin a 1960, kuma ya tara manya: Yul Brynner mai ƙwal-kwabo da baƙaƙen kaya, da Steve McQueen, da Charles Bronson, da James Coburn gwanin jifa da wuƙa. Amma ni wanda ya tafi da zuciyata shi ne autansu, Chico. Da na binciko sunansa na gaskiya sai na riƙe baki. Horst Buchholz, haifaffen Berlin a 1933. Bajamushe! Ka rantse a gonar masara aka yanke masa cibiya.

Dubi yadda ya shigo. Ya zo da ɗoki yana so a ɗauke shi cikin 'yan bindiga bakwai da za su kare ƙauyen, sai Brynner ya ce ya tafa hannu. Kafin tafukansa su haɗu, bakin bindiga ya riga ya shiga tsakaninsu. Fuskar yaron nan a wannan lokaci ita kaɗai ta isa kuɗin kallo: kunya ce, da zuciya, da ƙwallar da yake haɗiyewa. Bai haƙura ba. Ya dinga bin su a baya har suka gaji suka yafito shi.

Sai wurin ƙararrawa. Jaruman sun iso ƙauye, kowa ya shige ɗaki ya rufe ƙofa don tsoro. Chico ya hau ya kaɗa ƙararrawar coci, mutane suka fito a guje suna zaton 'yan fashi ne, ya tsaya ya zazzaga musu faɗa kamar zai ci babu. Daga baya ne za ka gane abin da ke cin sa. Shi ma ɗan manoma ne, ya gudu daga fartanya, kuma tsoron da yake gani a idonsu shi ne wanda ya gani a idon iyayensa. Wani dattijo da ke zaune kusa da ni ya girgiza kai ya ce, "Yaron nan na gida ne." Ai kuwa.

Kuma ga ƙarfin hali! Shi kaɗai ya saje da mutanen Calvera cikin dare, ya zauna a sansaninsu, ya dawo da labarin cewa yunwa ke cin su, don haka dole su sake kawo hari. Leƙen asiri ke nan tsantsa, kamar yana share wa kansa hanya, domin a 1965 ya fito a That Man in Istanbul na Antonio Isasi ɗan Sifen. A can shi ne Tony, mai gidan caca a Santambul, ɗan gayu mai bakin tsiya, wanda Sylva Koscina ta ja cikin neman wani masanin nukiliya da aka sace da kuɗin fansa dala miliyan ɗaya. Gudu, dambe, tsalle, ga hasumiyoyin masallatai a bayansa. Ba ka samun damar ƙifta ido.

A waɗancan shekarun Turai ta cika da fina-finan kaboyi da na leƙen asiri, kuma galibi idan an ɗauko Bajamushe, bos ake ba shi. Gert Fröbe ne ya addabi James Bond a Goldfinger a 1964. Klaus Kinski ne mai ƙusumbin nan na For a Few Dollars More wanda Lee Van Cleef ya ƙyasta ashana a jikinsa, kuma shi ma yana cikin mugayen da Buchholz ya kara da su a Santambul. Gwanaye ne, ban musa ba. Amma Buchholz shi ne wanda aka ba zuciyar mai kallo ya riƙe, kuma ya riƙe ta da kyau. Ya yi ɗan Poland a Tiger Bay a 1959, ya yi Ba'indiye a Nine Hours to Rama a 1963, har da tsufansa ya fito likita a Life Is Beautiful a 1997. Ya rasu a Berlin a 2003.

Duk da haka Chico nake komawa. Cikin bakwai ɗin uku suka rayu. Biyu suka hau dawakai suka kama gabansu, shi kuwa ya juyo da dokinsa, ya kwance ɗamarar bindiga, ya koma wurin masoyiyarsa Petra da aikin ƙauye. A shagon mai caji babu wanda ya yi magana har hoton ya ɗauke.

Ina roƙon masu fassara fina-finai na Kano, su Algaita da sauransu, don Allah ku sa wa wannan fim bakin Hausa. Iyayenmu na Safana da Batsari suna nan suna jira.