Gyaran Agege: A Tambaye Mu Mana

Tun da aka buɗe gadar Pen Cinema a 2021 cunkoso ya ragu, wannan kam ba musu. Sai dai mota ta sama take wucewa, mai saye ba ya saukowa, kasuwa a ƙasa tana ta mutuwa.

Yanzu kuma maganar shagunan zamani ake yi. To jama'a, mai tiren goro ina zai samo kuɗin hayar shekara? Abin da nake ji a ƙofar masallaci bayan Isha'i bai wuce wannan ba: a yashe kwatami kafin damina, a yi rumfuna masu araha kusa da tashar jirgi. Kuma don Allah a zauna da Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa tun kafin katafila ta iso, ba sai ta gama rusau ba.