Sunan da Binta Ba Ta Kira Ba: Makoki a Cikin Season of Crimson Blossoms

Tun da littafin Abubakar Adam Ibrahim, Season of Crimson Blossoms, ya fito a 2015, ya kuma lashe kyautar adabi ta NLNG ta dala 100,000 a 2016, maganar da aka fi yi a kansa ɗaya ce: Hajiya Binta Zubairu, mai shekara 55, da 'ya'ya da jikoki, ta faɗa mu'amala da Reza, shugaban 'yan daba mai sayar da wiwi, sa'an ɗanta. Wasu sun ce marubucin ya yi ƙarfin hali, wasu sun ce ya tona asirin gida a gaban baƙi. A namu karatun, duk ɓangarorin biyu a zaure suka tsaya. Abin da ke cikin ɗakin shi ne makokin da aka hana mai shi yi.

Mutuwa biyu Binta take ɗauke da su. An kashe mijinta Zubairu a rikicin Jos, abin da ya sa ta baro garin ta koma Mararaba, a bakin Abuja. Ga mutuwar miji, addini da al'ada sun shimfiɗa wa mace hanya: zaman karɓar gaisuwa, takaba ta wata huɗu da kwana goma, sannan ranar fita. Kowa ya san sunan halin da take ciki, kowa ya san yadda zai gaishe ta. Ɗaya mutuwar kuwa ta ɗanta na fari ce, wanda 'yan sanda suka harbe. Sunansa Murtala, amma Yaro ake ce masa, don kunyar ɗan fari ta hana uwarsa kama sunansa. Ta hana ta jawo shi jiki, ta hana ta nuna masa so a idon mutane.

Nan ne littafin ya fi taɓa mu. Duk mun san wannan kunya, da yawanmu a cikinta muka tashi, kuma ba za mu ce ba ta da kyanta ba. Akwai kawaici da girmama surukai a ciki. Amma marubucin ya yi tambayar da ba mu cika yi ba: uwar da ba ta kira ɗanta yana da rai ba, da wane baki za ta yi kukansa? Idan kwana uku sun wuce an naɗe tabarmi, an ce mata sai haƙuri, ina za ta kai son da ta ajiye shekara da shekaru tana jiran ranar da ba ta zo ba? Lokacin da Reza ya haura katangarta da niyyar sata, abin da ya fara tsaya mata a rai shi ne yadda ya tuna mata da Yaro. Shi ma Reza uwarsa ta tafi Saudiyya ta bar shi tun yana ƙarami. Kowannensu yana neman wanda ya rasa a jikin ɗan'uwansa, shi ya sa alaƙar take da nauyin karantawa tun kafin a zo batun halal da haram. Marubucin bai wanke Binta ba, ita ma ba ta wanke kanta ba. Ya dai nuna mana tushen abin.

Wanda ya karanta So Long a Letter na Mariama Bâ zai ga bambancin. Ramatoulaye tana cikin takaba, amma tana da alƙalami da aminiya, Aissatou, da za ta zayyana wa komai, har ta fito daga zaman ta fahimci rayuwarta. Binta ba ta da wanda za ta faɗa wa. Matan Islamiyyarsu, da ya kamata su zama abokan kuka, su ne suka fara tsegumi.

Akwai kuma Fa'iza, yarinyar da Binta take riƙo, wadda aka kashe mahaifinta da ɗan'uwanta a gabanta a Jos. Ganin jini yana firgita ta, barci ya zama mata wahala, sai ta ɓuya a littattafan soyayya da begen Ali Nuhu. (Masu raina littattafan kasuwar Kano su lura da aikin da suke yi a nan.) Gida ɗaya, masu ciwo biyu, kuma babu mai taɓa wa ɗaya nata. Shi kansa marubucin haifaffen Jos ne, garin da ya ga rikicin 2001 da na 2008, kuma hannunsa bai yi rawa ba wajen rubuta wannan yarinya.

Inda ba mu gamsu ba shi ne ɓangaren siyasa. Sanata da yaransa da garkuwa da mutane sun cinye shafuka da yawa, kuma mun sha ganin irinsu a jaridu. Duk sa'ad da labarin ya bar gidan Binta ya koma wurin sanatan, sai ƙarfinsa ya ragu.

Ƙarshen ma muna da magana a kansa, kuma wanda bai karanta ba ya yi mana afuwa. Munkaila, ɗanta mai ɗawainiya da ita, ya mutu a hannun Reza. Wannan karon ɗa ne da take iya kiran sunansa, sai dai za ta yi makokinsa gari yana nuna ta da yatsa. Dabara ce mai kaifi, amma ta sauƙaƙa wa masu tsegumi aiki. Mai karatun da ya zo neman hukunci zai rufe littafin ya ce alhaki ne ya kama ta, ya manta da Murtala, wanda aka binne tun Reza bai san hanyar gidan ba.