Mutum Biyar Sun Isa? Sharhi Kan Ƙa'idar Da Ta Zama Laya A Kundayen Digiri

Duk wanda ya taɓa zama a ajin da ake koyar da hulɗar ɗan Adam da kwamfuta, a Ingila ne ko Amurka ko Malesiya, da wuya a ce bai ji wannan magana ba: wai in kana son ka san ko manhajar da ka ƙirƙira tana da sauƙin amfani, mutum biyar kacal sun ishe ka gwaji. Ni da nake karatun digiri na biyu a wannan fanni, na sha cin karo da ita a kundayen waɗanda suka gabace mu, an rubuta ta a layi ɗaya, an liƙa sunan Jakob Nielsen a gefe, an wuce abin. Shi ya sa na ga ya dace mu dubi asalin maganar, mu ga inda ta yi gaskiya da inda aka ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta.

Ga waɗanda ba fanninsu ba ne, gwajin sauƙin amfani ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Za a samo mutum a zaunar da shi gaban kwamfuta ko a miƙa masa waya, a ba shi aiki, misali ya sayi tikitin jirgin ƙasa ko ya tura wa wani kuɗi. Mai bincike zai zauna gefe yana lura, a kuma roƙi mutumin ya riƙa faɗin abin da ke ransa yayin da yake aikin. Duk inda ya yi tuntuɓe, sai a rubuta shi a matsayin matsalar manhaja wadda za a gyara.

To, mutum nawa za a gwada? A 1992 Robert Virzi ya nuna cewa mutum huɗu zuwa biyar kan fito da kusan kashi 80 cikin 100 na matsaloli. A 1993 Nielsen da Thomas Landauer suka ba abin lissafi. Sun duba ayyukan gwaji da aka riga aka yi, suka ga cewa a tsaka-tsaki mutum ɗaya kan ci karo da kashi 31 cikin 100 na matsalolin da ke akwai. Na biyu zai maimaita wasu ya ƙaro wasu, na uku ma haka, har a kai na biyar an tattara kusan kashi 85. A 2000 Nielsen ya rubuta wata gajeriyar maƙala a intanet a kan haka, daga nan maganar ta bazu ko'ina.

Adalci shi ne mu yarda cewa ta yi amfani. A wancan lokaci kamfanoni da yawa ba sa gwada komai, don suna ganin gwaji sai da ɗakin bincike mai tsada da tarin jama'a. Nielsen ya nuna musu cewa da ɗan abin da ke hannunsu za su iya farawa. Bugu da ƙari, shi kansa ya gindaya sharuɗɗa. Shawararsa ita ce in kana da kuɗin mutum 15, ka yi zagaye uku na mutum biyar-biyar, kana gyara tsakanin kowane zagaye. Ya kuma ce in masu amfani da abin sun kasu rukuni-rukuni, kamar yara da iyayensu, to kowane rukuni sai an gwada nasa. Waɗannan sharuɗɗa su ne suke faɗuwa a hanya kafin maganar ta iso kundin ɗalibi.

Matsala ta farko tana cikin lissafin kansa. Kashi 31 ɗin nan tsaka-tsaki ne na wasu ayyuka da aka yi kafin 1993, kan manhajojin wancan zamani. Mai karatu, ɗauki kalkuleta ka gwada da kanka: in matsala tana samun mutum ɗaya cikin goma ne kawai, damar da mutum biyar ke da ita ta cin karo da ita kusan kashi 41 ce, kuma sai ka tara mutum 18 kafin ka kai kashi 85. Alhali a manhajar banki mai mutum miliyan ɗaya, ɗaya cikin goma mutum dubu ɗari ke nan. A 2001 Jared Spool da Will Schroeder sun sa mutane yin sayayya a shafukan intanet, sai mutum biyar na farko suka fito da kashi 35 kawai. A 2003 Laura Faulkner ta jami'ar Texas ta gwada mutum 60, sannan ta riƙa ɗiban biyar-biyar daga cikinsu ba tare da zaɓe ba. Wasu biyar ɗin sun gano kashi 99, wasu kuwa kashi 55 kawai. Da ta ƙara zuwa goma, mafi ƙaranci ya tashi zuwa kashi 80, da ashirin kuma kashi 95. Abin tambaya, ɗalibin da ya gwada biyar ya tsaya, ta ina zai san wane biyar ɗin ya samu?

Matsala ta biyu ta shafi mai binciken ne. Rolf Molich, ɗan Denmark, wanda shi da Nielsen suka fito da hanyar duba manhaja bisa ƙa'idoji a 1990, ya sa ƙungiyoyi tara su gwada Hotmail, kowa ya yi nasa daban, aka buga sakamakon a 2004. Sun kawo matsaloli 310. Daga ciki 232, wato kashi 75 cikin 100, ƙungiya ɗaya ce tak ta ambaci kowace. Matsaloli biyu ne kawai ƙungiyoyi shida ko fiye suka haɗu a kansu. Ashe ke nan abin da ake kira matsala ya dogara da ayyukan da aka ba mutane da kuma idon wanda ke kallo. In ba mu san jimillar matsalolin ba, kashi 85 na me muke iƙirarin mun gano?

Matsala ta uku ita ce ta fi shafar mu. Uwargida kan ɗanɗana miya da bakin ludayi ta san ko gishiri ya ji, domin ta motsa tukunyar, ko'ina ɗaya ne. Jama'a kuwa ba a motsa su haka. A 2021 Sebastian Linxen da abokan aikinsa sun bi maƙalun babban taron wannan fanni, wato CHI, na 2016 zuwa 2020, suka tarar kashi 73 cikin 100 na sakamakon ya dogara ne kan mutanen ƙasashen Yamma, waɗanda ba su kai kashi 12 na al'ummar duniya ba. Hatta hanyar gwajin tana ɗauke da al'adar inda aka haife ta. A 2006 Ravi Vatrapu da Manuel Pérez-Quiñones sun nuna cewa Indiyawa sun fi fito da matsaloli lokacin da ɗan Indiya ne ke yi musu tambayoyi fiye da lokacin da Baturen Amurka ne.

Mu da muka tashi cikin kunya da kara mun san wannan ba sai an faɗa mana ba. Ka koma gida hutu ka miƙa wa gwaggonka waya, ka ce ta gwada manhajar da ɗanta ya je har Turai ya koyo, ta kuma faɗi aibinta. Me kake tsammanin za ka ji? Za ta ce madalla, abu ya yi kyau, in ta kasa kuma ta ce ai ita ce ba ta iya ba. Abokan ajinka biyar, masu jin Turanci, da suka girma da kwamfuta a gabansu, ba za su taɓa nuna maka inda ɗan kasuwar da ya fi sabawa da ajami zai tsaya ba, ko wanda waya ɗaya ce suke amfani da ita shi da iyalinsa, ko mai neman ƙ da ɗ a allon rubutu bai gan su ba. Indrani Medhi ta yi shekaru a cibiyar binciken Microsoft a Bangalore tana aiki da waɗanda ba su iya karatu ba, kuma abin da ta fito da shi, wato manhaja mai hotuna da murya maimakon rubutu, daga zama da su ta same shi.

Saboda haka ga shawarata ga duk mai shirin rubuta kundi. Ka fara da biyar, ka gyara, ka sake gwada wasu biyar. Ka lissafa rukunonin da za su yi amfani da abin, ka nemi kowane rukuni. In lambobi kake son bayarwa, kamar tsawon lokacin da aiki ke ɗauka, shi kansa Nielsen a 2006 mutum 20 ya ce a nema. Ka sa wani abokin karatu ya kalli bidiyon gwajin ba tare da ya ga abin da ka rubuta ba, sannan ku gwama. In a gida za ka yi gwajin, ka yi shi da Hausa, ka fi kula da abin da yatsa ke yi fiye da abin da baki ke faɗa, kada kuma ka bari a san kai ne ka ƙirƙiri manhajar. A ƙarshe ka rubuta a fili su wane ne ka gwada, su wane ne kuma ba ka kai gare su ba.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ƙa'idar mutum biyar an yi ta ne don injiniyan da zai gyara gobe ya sake gwadawa jibi, shi kuwa kundin digiri hujja ce da wasu za su zo su yi gini a kanta. Da yawa daga cikinmu za mu koma gida mu yi manhajojin asibiti da banki da makaranta, kuma wanda ba mu gwada da shi ba shi ne zai tura kuɗinsa inda bai yi niyya ba. Allah Ya sa mu dace.