Dokin da Ya San Saniya

Wanda ya san kaboyi ta fim kawai zai ɗauka aikinsa sukuwa ce da harbin bindiga. Ainihin aikin kiwo ne, kuma galibinsa a tafiyar hankali ake yinsa, a bayan garke, cikin ƙura. Abin tambaya shi ne, me ya kai makiyayi hawa doki? Bafulatani bai buƙaci haka ba. Shanunsa a gabansa suka tashi, ana tatsarsu kullum, a ruga suke kwana, in ya yi kira su biyo shi. Sanda ta ishe shi. Shanun da Sifaniyawa suka fara ƙetarawa da su zuwa nahiyar Amurka tare da dawaki a 1493 kuwa sakinsu aka yi a daji marar shinge, a Meziko, daga baya a Texas da Kalifoniya. Hannun mutum ba ya taɓa su sai sau ɗaya ko biyu a shekara, lokacin tara su a yi musu lalas, a dandaƙe maruƙa, a ware na sayarwa. Irin wannan saniya in ta ga mutum a ƙasa, ko ta tsere ko ta yi kansa.

Makiyayan Meziko da ake kira bakero su suka fara gano yadda za a yi, sauran duk koyi suka yi. Richard King, wanda ya kafa shahararriyar gonar shanunsa a kudancin Texas a 1853, daga Meziko ya kwaso iyalan da suka riƙe masa garke. Amma da sana'ar ta bazu sai ta rabu biyu, kuma rabuwar ta fi bayyana a igiya da linzami.

Mutanen Kalifoniya ba sa gaggawa. Ɗan doki da ragamar fata ake fara shi, babu ƙarfe a bakinsa. Daga nan a haɗa masa ragama da linzami, mahayi yana riƙe da duka biyun, yana rage dogaro da ragamar sannu a hankali. Sai an yi shekaru kafin a bar shi da linzami shi kaɗai. Linzamin nasu mai faɗin harshe ne, abin tsoro a ido, kuma a hannun jahili yana iya yaga bakin doki. A hannun gwani kuwa ba a ja da shi ko kaɗan. Motsin yatsa ya isa doki ya gane abin da ake nufi. Igiyarsu kiri ce ta ɗanyar fata, saƙaƙƙiya, takan kai ƙafa 60 ko fiye. Da yake fizga mai ƙarfi na iya tsinka ta, in sun zarge saniya sai su naɗa kirin a ƙahon sirdi, su bar shi yana ɗan zamewa har dabbar ta tsaya. Babban yatsan mahaya da yawa ya tafi a wannan naɗin. A Texas, inda ƙaya da sarƙaƙiya suka yi yawa kuma ake neman tura dubban shanu zuwa tashar jirgin ƙasa ta Abilene a Kansas daga 1867, gajeriyar igiya ake ɗaurewa tamau a sirdi, doki kuma da wuri ake sa shi aiki. A ganina na Kalifoniya sun fi iya doki, na Texas sun fi cimma kasuwa.

Duk da haka wuri ɗaya suka haɗu, wato sanin halin saniya. Kowace dabba tana da tazarar da in ka shige ta za ta motsa, in ka fita ta tsaya. In kana bayan kafaɗarta gaba za ta yi, in ka sha gabanta ta juya. Temple Grandin ta zana wannan a takarda har ya shiga darussan jami'o'i, Bud Williams kuma ya yi shekaru yana koya wa masu gonaki kora garke ba ihu ba bulala, amma tsofaffin makiyaya sun san shi a jikinsu tun da daɗewa. Gwanin mahayi yakan shiga garke a natse, ya zaɓi wadda yake so, ya yi ta matsa mata da taku ɗaya ko biyu har ta tsinci kanta a waje ba ta san yaushe aka raba ta da 'yan'uwanta ba, sauran kuma ko kai ba su ɗaga ba.

Wannan warewar ce aka mayar gasa. An kafa ƙungiyarta a Fort Worth a 1946, shekara 6 bayan kafa ƙungiyar dawakin Kwata, irin da ya fi shahara a aikin. Ana ba mahayi minti 2 da rabi, alƙalai su ba da maki tsakanin 60 da 80. Da zarar ya fitar da saniya dole ya sauke hannu ya saki linzami. In ya taɓa shi don ya nuna wa doki hanya, a rage masa maki. Daga nan doki ne da saniya. Ta yi dama ya tare, ta yi hagu ya riga ta isa, ƙirjinsa kusan a ƙasa, kunnuwansa a kanta. Mai sha'awar doki da ya saba kallon jahi da zamiya a hawan sallah zai ga bambancin nan take: a can barde ne ke nuna ikonsa a kan doki, a nan kuwa ana auna abin da doki zai yi in an ƙyale shi.

Abin sha'awa ne ƙwarai, amma ina da ja a kansa. Gasar ta ɗauki lokacin da aiki ya kusa ɓaci, lokacin da saniya ta firgita tana neman komawa garke ta ƙarfi, ta mayar da shi abin tafi. Mai gona da ke sayar da shanu a kan sikeli ba ya son ganin haka, domin saniyar da aka guje-guje da ita nama take zubarwa. Sannan kuɗi ya shigo. Babbar gasar da ake yi kowace shekara tun 1962, wadda daga baya aka mayar Fort Worth, ta dawakai 'yan shekara 3 ce, don haka tun suna shekara 2 ake matsa musu horo, ƙashi bai gama ƙwari ba. Yawan haɗa jini ɗaya don neman zakara ya yaɗa wata cutar gado mai sa fatar doki ta yi ta yagewa a ƙarƙashin sirdi, wadda aka danganta da zuriyar wani ingarma mai suna Poco Bueno. Shanun ma ba sa daɗewa a wasan: wadda aka tare sau da yawa takan gane, ta tsaya ƙyam ta ƙi gudu. Shi ya sa masu horo da dama suke rataya tuta a waya, inji yana janta dama da hagu, doki yana binta.