Maraya Oliba da manyan kalmomin Ingilishi

Kai mai karatu, in kana da ɗa ko ɗiya a kwaleji, ka san ana koya musu Ingilishi bayan Faransanci. Waɗanda suka yi nisa a cikinsa akan ba su tsofaffin littattafan ƙasar Ingila su karanta. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna shi ne labarin wani maraya, Oliba Tuwis. A bangon littafin an rubuta Oliver Twist. Masu buga shi don ƴan makaranta sukan ƙara masa jerin kalmomi masu wuya, kowace da ma'anarta a gefe, don yaro ya hardace. Bari mu duba littafin da jerin nan tare, mu ga ko harda kaɗai tana isa.

Wanda ya rubuta shi sunansa Cals Dikins. An haife shi a 1812, ya rasu a 1870. Ya ɗanɗani talauci da kansa. A 1824 aka kulle ubansa saboda bashi. Shi kuma yana da shekara 12 aka kai shi aiki inda ake yin man goge takalmi, yana wuni yana manna takarda a jikin tulunan man. Labarin Oliba ya fito cikin wata mujalla kashi-kashi, daga 1837 zuwa 1839. A shekarar da ya soma fitowa ne Sarauniya Biktoriya ta hau gadon sarautar Ingila. Ka ga Ingilishin littafin ya haura shekara 180. Har ɗan Ingila na yau sai ya tsaya ya tambayi ma'anar wasu kalmomin.

Ga labarin a taƙaice. An haifi Oliba a gidan matalauta, uwarsa ta rasu a ranar. Ya tashi cikin yunwa da duka. Aka ba da shi ga wani mai yin akwatin gawa, ya gudu da ƙafa zuwa Landan, tafiyar da ta fi kilomita 100. Can ya faɗa hannun wani tsoho, Fegin, mai koya wa yara yankan aljihu. Bayan wahala mai yawa wani dattijon kirki ya ɗauke shi, aka gano asalinsa.

To, mu koma ga kalmomin. Ta farko da za ta tare ɗalibi ita ce "workhouse". In an fassara ta kai tsaye, gidan aiki ke nan. Jerin zai ce masa gida ne da ake ajiye matalauta. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. A 1834 aka yi doka a Ingila cewa talaka mai lafiya da ke neman taimako sai ya shiga gidan nan. In ya shiga a raba shi da matarsa, a raba su da ƴaƴansu. A sa shi fasa dutse ko warware tsohuwar igiyar jirgin ruwa. Da gangan aka tsananta zaman, don kada kowa ya nemi taimako sai in ba shi da sauran dabara. Yaron da bai san dokar nan ba zai ɗauka gidan jinƙai ne, ya rasa dalilin fushin marubucin.

Haka kalmar "gruel". Jerin zai ce kunu. Amma kai ka san kunu suna ya tara. Akwai mai kauri da ke riƙe manomi har azahar, akwai tsararo wanda kana sha kana ganin gindin ƙwarya. Na gidan nan tsararo ne, ludayi guda ga kowane yaro. Yunwa ta ishi yaran, suka yi ƙuri'a, ta faɗa kan Oliba. Ya ɗauki kwanonsa ya je ya roƙi ƙari. Saboda wannan kaɗai aka kulle shi a ɗaki mai duhu, aka manna sanarwa a ƙofa cewa za a ba da fam 5 ga duk wanda zai raba su da shi. Wanda ya taɓa ganin shekarar fari ya fi mai ƙamus sanin nauyin wannan kalma.

Akwai kuma kalmar da take da sauƙi a ido, amma tarko ce. Ka san a rubutunmu "gari" na iya zama wurin zaman mutane, yana iya zama abin tuƙa tuwo. Sai ka karanta zancen duka kake gane wanda ake nufi. Haka "board" take a Ingilishi: katako ce, kuma taron manya masu kula da gidan ne. Ranar da aka kai Oliba gabansu aka ce ya rusuna wa "board". Yaro ya duba, bai ga wani katako ba sai tebur, sai ya rusuna wa tebur. Abin dariya ne, amma da cizo a ciki. Dikins yana nuna maka cewa tausayin mutanen nan bai fi na katako ba. Jerin da ya ba yaro ma'ana guda ya kashe wannan wasa.

A nan ne gwanintar littafin take, kuma a nan ne harda take kasawa. Dikins gwanin gatse ne. Manyan kalmomin da ya fi jibgawa, a kan azzalumai yake jibga su. Matar da ta yi renon Oliba tana cinye kuɗin abincin marayu, amma sai ya kira ta "philosopher", wato mai zurfin ilimi da tunani. Ya kwatanta ta da wani masani da ya ce zai koya wa dokinsa rayuwa ba ci. Ya yi ta rage masa harawa har ya kai ga sili guda a wuni. Ana gab da cewa dabara ta ci, sai doki ya mutu. In ɗalibi ya duba jerin ya ga ma'anar kalmar, ya rufe, zai tashi da cewa matar malama ce. Kai kuwa da ka saba jin an ce wa marowaci "sannu mai kyauta", nan take za ka gane.

Dubi kuma Bambul, wanda muƙaminsa "beadle". Ƙaramin ma'aikaci ne na yankin majami'a, kamar dogari, da hula da sanda. Shi ke raɗa wa marayu suna bisa jerin baƙaƙe. Da aka zo kan harafin T sai ya ce Tuwis. Bambul yana son manyan kalmomi ƙwarai, amma yana karya su a baki bai sani ba. Dikins ya rubuta su a karye da gangan. Gargaɗi ne ga duk mai tara kalmomi don ya tsorata na ƙasa da shi, har da ɗalibin da zai dawo gida hutu yana yi wa iyayensa fankama.

Sai zaurancen ɓarayin Landan. Su "beak" suke ce wa alƙali, alhali ma'anarta ta kullum bakin tsuntsu ce. Oliba kansa bai gane ba sai da aka fassara masa. Waɗannan suna ƙara wa labari gishiri, amma ba abin ɓata dare wajen harda ba ne. Yawancinsu ba a jin su yau, kuma labarin da kansa yakan bayyana su.

Littafin yana da nasa aibi, kuma ya kamata a faɗa. Oliba ya tashi cikin marayu, bai zauna gaban malamin kirki ba, amma in ya buɗe baki sai Ingilishi tsantsa kamar ɗan sarki. Sauran yaran talakawa kuwa an ba su karyayyen harshe. Daga baya sai a gano ubansa mai dukiya ne. Kamar dai marubucin yana cewa kyakkyawar magana da kyakkyawan hali a jini suke. Wannan ya saɓa wa abin da littafin ya fara koyarwa. Yaro abin da ya ji shi yake faɗa. Aibi na biyu, Dikins ya yi ta kiran Fegin da sunan ƙabilarsa ta Yahudawa, kamar mugunta gadonsu ce. A 1863 wata Bayahudiya ta rubuta masa takarda ta koka. A bugun 1867 ya cire kalmar a wurare da yawa. Ya kyauta da ya ji magana, amma tabon bai gushe duka ba.

Duk da haka littafi ne da ya cancanci wahalar karatu. Jerin kalmomi ma ba abin yarwa ba ne, sanda ce ta dogarawa. Sai dai kada ɗanka ya tsaya gare shi. In ya zo da littafin, ka ce ya ba ka labarin da Hausa, babi-babi. Duk kalmar da ta tsayar da shi, ku tambaya tare: wa ya faɗe ta, wa aka faɗa wa, kuma da gaske ake ko gatse ne? In ya iya amsa maka, ya karanta. In ya kasa, ya koma ya sake.

Kai ma da ka koyi karatu da girmanka, wannan dabara taka ce. Za a kawo maka takardu masu manyan kalmomi, na bashi, na haraji, na sayen gyaɗa. Kada girman kalma ya sa ka ji kunyar tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ƙara mana fahimta.